Rabi Ya Fita, Rabi Ya Dawo

Maigidana, Allah ya jiƙansa, sau ɗaya ya taɓa zuwa Kukawa, amma har ya koma ga Mahaliccinsa bakinsa bai dawo daga can ba. Haladu sunansa, yanzu da ƙasa ta rufe masa kunne ina iya faɗa. Fatake ya bi, aikinsa korar jakuna da ɗaurin kaya. Da suka isa aka sauke su jikin zauren wani malami mai rabon gado, shi kuwa ya riƙa zama bakin ƙofa yana kasa kunne. Abokan tafiyarsa suka dawo da kanwa da dabino. Shi ya dawo da kalma uku: nusufi, sulusi, rubu'i.

Daga ranar ba a ƙara cewa rabi a gidanmu ba. In na ce, "Malam, ga rabin goro," sai ya ɗaga yatsa.

"Nusufi, 'Yar'azumi. Rabi na masunta ne."

Ni kuma 'yar masunta ce gaba da baya, amma sai na ji abin ya zauna mini. Ni ce fa wadda ake cewa ba a taɓa sayar mata da ruɓaɓɓiyar tarwaɗa ba tun daga Baturiya har kasuwar Haɗejiya. Ashe wayon kifi daban, wayon miji daban. Mace ta auri mai korar jaki ta wayi gari da malami a gida, ku nuna mini wadda ba za ta ƙara rangwaɗa a hanyar rijiya ba.

Ƙauyenmu a bakin fadama yake, ruwa yana shiga gidajenmu duk shekara kamar na ubansa. Tudu ɗaya gare mu da bai taɓa hawa ba, bayan gidan Bulama mai garinmu, kuma a kansa kakanninmu suka gina babban rumbu, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu. Da kaka kowane gida ya kai shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, wadda ya ware don iri, a zuba, a shafe baki da laka. Ba a buɗewa sai ruwan farko ya sauka, kowa ya karɓi gwargwadon abin da ya zuba, ya je ya yafa kafin kogi ya taso. Wanda bai yafa a lokacin ba sai baɗi, in da rai. A shekarar da nake ba ku labari na zuba duk irin da gonata ta bakin kogi za ta ci, ko mudu ban rage a ɗaki ba.

Sai tsohon da ke kula da rumbun ya rasu. Bulama Zarami ya tara maza gindin tsamiya a zaɓi wani, mu mata muna bayan darni muna ji. Bulama bai gama rufe baki ba maigidan ya miƙe, yana gyara rawanin da ya aro.

"Ranka ya daɗe, aikin nan ba na mai ƙarfi ba ne, na mai hisabi ne. Ni tausayin irin nan ma nake ji. Rani guda yana kwance kamar gawa, masu suna da masu biki suna yawon neman abin dafawa a garuruwan mutane."

Bulama ya ce, "To ai iri kwanciya ce aikinsa, Haladu."

"A nan ke nan, ranka ya daɗe. A Kukawa hatsi ba ya barci."

Ya shimfiɗa musu dabararsa. Mai buƙata ya zo ya ɗauki nusufin abin da ke cikin rumbu, ya yi hidimarsa, in ya samu ya mayar da nusufi. In ya mayar, wani ya ɗauka. Gari ya sami lada, iri yana nan yadda yake.

Liman Shu'ibu ya ce, "Ba ƙari?"

"Ko ƙwaya, Allah gafarta malam. Nusufi ya fita, nusufi ya dawo. Wanda ya ƙara ya shigo mana da riba, wanda ya rage ya ci amana."

"In haka ne shari'a ba ta hana ba. Amma da me za ka auna?"

Nan ya fito da kayan aikinsa: doguwar gwangwala, gawayi, da igiyar rama. Zai caka gwangwalar cikin shanshera har ta taɓa ƙasa, ya leƙa ya shafa gawayi daidai inda hatsin ya tsaya, ya zaro ta, ya ɗora igiya daga gindinta zuwa zanen, ya ninke igiyar biyu.

"Ga nusufi. Mudu yana da babba da ƙarami, mai awo yana da suruki. Igiya ba ta da dangi a garin nan."

Wannan magana ita ta kama Bulama, don a garinmu ba mutum biyu da ba su haɗa kaka ba. Aka shafa fatiha. Wata mata ta rangaɗa guɗa daga bayan darni har kaji suka watse. Ba sai na gaya muku ko wace ce ba.

Wanda ya fara ɗauka Kolo ne, mai fataucin banda, mutumin kirki a lokacin. Maigidan ya hau tsani ya auna, ya ninke igiya, aka yi ta ɗiba har hatsi ya sauko daidai rabin zanen. Jaki ashirin Kolo ya loda. Ya kai Haɗejiya lokacin da shinkafa ke tsada, ya yi cinikinsa, sannan ya zagaya Miga inda take araha ya sayo, ya dawo da jakunansa ashirin cif, ya tsayar da su gindin tudu.

Maigidan ya hau ya caka gwangwala cikin abin da ya rage, ya shafa gawayi, ya ɗora igiya, ya ninke biyu, ya yi sabon zane a sama.

"A zuba zuwa nan."

Aka zuba. Jaki na goma na sauke kayansa hatsi ya taɓa zane. Maigidan ya ɗaga hannu.

"Ya isa."

Kolo ya ce, "Malam Haladu, saura goma."

"Saura goman me?"

"Jakuna. Ashirin na ɗauka."

"Nusufi ka ɗauka ko jakuna ka ɗauka?"

"Nusufin ne a kan jakunan."

"To ga nusufi ya dawo, igiya ta shaida. Kai Kolo, ina ganin mutuncinka, riba kake so ka zuba mana cikin iri? Ka ƙona mana gonaki tun ba mu shuka ba?"

"Wallahi ni abin da na ɗauka na kawo."

"Wa ya ƙirga?"

"Ni da jakunan."

"Jaki ya je Kukawa, ban ce bai je ba, ni na kora shi. Amma a waje aka ɗaure shi."

Mutanen da suka taru suka fashe da dariya. Kolo ya dubi Liman, Liman ya dubi igiya, igiya kuwa ga ta a ninke, ba mai musu rabi ce. Kolo ya sosa ƙeya, ya ce Allah ya huci zuciyar malam, ya kora jakunansa goma da kayansu ya yi gida, yana tafe yana waiwaye kamar wanda ya tsinci akuya.

Ina tsaye da tuluna na ga wucewarsu. Da ina da hankalin da nake taƙama da shi, da na tambayi kaina ina jakunan nan za su da hatsi. Abin da na yi, na juya na ce wa maƙwabciyata Ramatu, "Kin ga namiji. An kawo masa haram har gindin tsani ya ce a koma da ita."

Ramatu ta ce, "Na gani, yaya." Idonta kuwa yana kan jakunan.

Washegari mijin Ramatu ya zo ɗaukar nusufi. Ba suna, ba biki, ya ce dai zuciyarsa ce ta raya masa. Ya kwashe ya kai gida, hatsin ya kwana biyu a zaurensa ko taiki ba a kwance ba, ya dawo da shi. Igiya ta karɓi rabi ta sallame shi da rabi. Kafin kasuwa ta zagayo, gindin tudu ya koma kamar mashaya. Mutumin da bai taɓa gaishe mu ba ya zo yana durƙuso tun daga ƙofar gida. Aka daina cewa Haladu, sai Malam Mai Igiya. Ana aiko mini da kan kifi, da nono, da tabarmar kaba, ina karɓa ina cewa ai ba komai, ilimi ne Allah ya ba shi don jama'a. Kowa a garin ya gane, kowa kuma yana tsammanin shi kaɗai ya gane, don haka ba mai faɗa. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa nasa irin ma yana cikin rumbun da ake yashewa. Haka muke mu mutanen fadama: in jirgi na yoyo, kowa murna yake ba ta gefensa ba ne.

Maigidan ya fara dawowa da ciwon ƙugu. Da, yana zaune bakin rumbu yake shafa gawayi. Yanzu sai ya kwanta da ciki ya zura hannu, daga baya har kafaɗa.

Na ce, "Malam, hatsin nan ƙasa yake yi?"

"Kwanciya yake. Shanshera in ta sami natsuwa takan haɗa jikinta."

Da ta ƙara haɗa jikinta, ya ce ɓeraye ne. Ya aro kyanwar Liman ya jefa ciki. Kyanwa ta kwana tana kuka, ba ta kama komai ba, da aka zura kwando a fito da ita ta yage masa hanci. Ya ce to gara ce, ya zagaye rumbu da toka. Ya ce rumbun ne ke nitsewa cikin tudu, zurfinsa na ƙaruwa, ya sa aka tona gindinsa aka ga yana nan inda kakanni suka bar shi. Daga nan ya ce aikin mutanen ɓoye ne, ya sa aka yi turare har gemunsa ya kama, aka kashe da ruwan kwatanniyar Bulama.

Ni ban farka ba sai ranar da na shiga gidan Ramatu aron taɓarya. Matar da ko tsaba ba ta ajiyewa, na tarar da shanshera shanye a tabarma uku, kaji suna ci ba mai kora. Ta ga ina kallo, ta ce, "Albarkar malam ce, yaya."

Na fito ba taɓaryar. Na zauna gindin turmi, abin yana warware mini a ka sannu a hankali kamar tsohon zare.

Da magariba na kai masa tuwo malmala huɗu. Ya wanke hannu, na ce, "Malam, ara mini nusufi." Na ɗebe biyu. Ya yi murmushi, yana jin daɗin na koyi kalmar. Na ce, "To auna abin da ya rage, ka ninke." Ya ce ɗaya. Na mayar masa da ɗaya, na riƙe ɗaya.

Ya dubi akushi. "Ina ɗayar?"

"Nusufi ya fita, nusufi ya dawo."

"Ke, huɗu kika kawo."

"Wa ya ƙirga?"

Na ce a raina yau Allah ya kawo ƙarshen abin. Sai ya miƙa hannu ya ɗauke malmalar daga hannuna ya mayar.

"Tuwo dafaffe ne, 'Yar'azumi. Hisabi ba ya hawa kan abin da wuta ta taɓa."

"Malam, irina yana cikin rumbun nan."

"Yana nan."

"To ni ma a ba ni nusufi, kamar kowa."

"Matar mai riƙon amana? A ce me a gari?"

Ya kamata in tafi gidan Bulama a lokacin. Na ɗaura mayafi har na kai ƙofa, sai na tuna guɗar nan, da kawunan kifin da na ci, da abin da na gaya wa Ramatu a bakin hanya. Na koma na zauna. Na ce bari in ba shi kwana biyu, mai ilimi ne, zai gano da kansa.

Ya kuwa gano. Da safe ya tashi fuska a sake.

"Maganarki ta jiya ta buɗe mini ido. Kuskuren a jeri yake. Muna fara fitarwa sannan mu mayar, dole hatsi ya ji rauni. Daga yau zubawa za a fara."

Ya sa aka yi shela. Mai son lada ya fara kawo nusufin abin da ke ciki ya zuba, in ya kwana biyu ya zo ya ɗauki nusufi. Kolo, wanda zuwa lokacin kunyarsa ta warke sarai, shi ya riga kowa. Igiya ta ce ya zuba jaki biyu, ya zuba. Da ya dawo ɗauka, maigidan ya auna tulin da ya ƙaru, ya ninke, igiya ta ce jaki uku.

Kolo ya ce, "Malam, ka tabbata?"

"Kai har yanzu ba ka daina musu da igiya ba?"

"Na daina, wallahi. Tambaya ce ta ɗalibi."

Wannan sabuwar hanya ta fi ta farko farin jini, don ba mai jin nauyin sunan aro. Sadaka mutum ya kawo, Allah ya mayar masa da ƙari nan take. Har daga ƙauyukan gefen Baturiya aka riƙa zuwa neman lada. Liman ya ce shi dai bai taɓa ganin garin da mutane ke rige-rigen alheri kamar namu ba, ya sa mu a addu'a.

Sai hadari ya haɗu daga gabas, ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi. Bulama ya sa ranar rabon iri. Maigidan ya ɗauko maroƙi da mai kalangu daga Haɗejiya da kuɗin akuyata, ya ce irin wannan rana ba a yin ta shiru. Gari ya taru gindin tudu, kowa da taikinsa. Waɗanda suka fi kowa yashe rumbun su suka zo da manyan taikuna. Na zo da nawa ni ma, na tsaya baya, ina addu'ar ƙasa ta tsage.

Mai kalangu ya kaɗa, maroƙi ya ɗaga murya: "Mai Igiya, gagara mudu! Na Kukawa, ko rumbu ya san ka!"

Maigidan ya hau tsani da rawaninsa, ya ɗaga gwangwala jama'a su gani, ya zura. Gwangwala ta tafi, ta tafi, sannan muka ji ta ce ƙwas a ƙasa. Ya kwanta da ciki zai shafa gawayi. Hannu bai kai ba. Ya ƙara zurawa har ƙugu. Bulama ya ce a sa masa tsani ta ciki, maigidan ya amsa, kansa na cikin rumbu, cewa mai hisabi ba ya sauka wurin hatsi, hatsi ke tasowa wurinsa. Muna kallon ƙafafunsa suna rawa a sama, sai muka ga babu su.

Tim.

Kalangu ya tsaya. Ƙura ta fito ta bakin rumbu, bayanta atishawa.

Bulama ya hau tsani da kansa, tsoho da shi, ya leƙa. Ya daɗe yana leƙe. Da ya ɗago, fuskarsa ta yi kamar an shafa mata toka.

"Haladu, kana da rai?"

Murya ta fito kamar daga cikin tulu. "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Na sauko ne in duba da idona."

"Me ka gani?"

"Iri yana nan."

"Ina ya kawo maka?"

"Gwiwa, ranka ya daɗe. Amma ta sama."

Bulama ya juyo ya faɗa wa jama'a. Abin mamaki, salati ya tashi ta ko'ina, kuma waɗanda suka fi kowa salati su ne masu shanshera a ɗaka. Mijin Ramatu har da dafe ƙirji yana cewa ina amana ta tafi. Tsofaffi da gwauraye da ba su da jakin ɗiba, su taikunansu kawai suke kallo.

Bulama ya ce, "To mai hisabi, nawa za a ƙara ya koma yadda yake?"

"Abu mai sauƙi. A ninka shi sau biyar."

Kolo ya matso. "Ranka ya daɗe, a tambaye shi. Biyar da wanda ke ciki, ko biyar ban da shi?"

Bulama ya leƙa. "Ka ji."

"Duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne," in ji mijin Ramatu. "In da na ciki ne, huɗu za a kawo."

Wani ya ce ai ƙari aka ce, ƙari kuwa ban da uwa ake lissafa shi. Wani ya ce ninki aka ce ba ƙari ba. Mutanen da rani guda ba wanda ya iya ƙirga jakunansa, yau ga su kowa ya zama malamin rabon gado. Liman ya ce a kawo igiya, aka yi masa ca. Hadari kuwa yana sake haɗuwa, kogi ba ya jiran a gama gardama.

Bulama ya buga sandarsa jikin tsani.

"Ni ban je Kukawa ba. Ga abin da na sani: ba mai sa wa mutumin nan tsani, ba mai jefa masa igiya. Duk wanda jakinsa ya taɓa hawa tudun nan ya koma gida ya ɗauko shanshera. Za a yi ta zubawa yana takawa, har ya fito da ƙafarsa. Ranar da ya fito, ranar aka gama biya. In ya kwana ciki, ku kuka kwanar da shi."

Ban taɓa jin hukuncin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Jakuna suka fara hawowa, masu su suna tafe kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. Aka riƙa juye taiki ta bakin rumbu. Wanda ya san ƙaiƙayin shanshera ya san abin da maigidan ya sha. Tana zubo masa a ka, tana shiga wuyan riga, yana atishawa yana tattakawa, yana kuma ba da umarni: a zuba ta gabas, a bar yamma ta huta.

Sai na lura da Kolo yana auna bakin rumbu da ido, yana raɗa da mijin Ramatu. Nan na gane nufinsu. Akwai abin da ban gaya muku ba: maigidan dogo ne. Irin dogayen da ke cire ɗan tsamiya ba sanda. Shekara da shekaru ina taƙama da tsayin nan a gaban matan gajeru.

Na tattare zane na hau tsani, ni da ban taɓa hawa ko kan jaki ba. Na leƙa. Ga shi fari fat da ƙura, rawani ya warware, hatsi bai fi rabin rumbu ba, yatsunsa kuwa saura kaɗan su kai baki.

Na rage murya. "Malam, zauna."

"Me?"

"Zauna, ka ce ƙafarka ta gurɗe. Kada ka miƙe sai hatsi ya kawo ka baki da kansa."

"In zauna a gaban jama'a kamar wanda aka kayar?"

"Ba mai ganinka, cikin rumbu kake. Malam, don girman Allah, gonata. Ko durƙuso ne yi."

Ya dube ni, na ga alamar maganar ta fara shiga. Har ya lanƙwasa gwiwa ɗaya.

Ashe Kolo ya riga ya danƙa wa maroƙi 'yan kuɗi cikin hannu. Kalangu ya tashi.

"Dogo na 'Yar'azumi, rimi adon gari! Wa ya ce sai an cika maka? Zaki ba ya jiran tsani! Guntaye ke jira a ɗaga su!"

Ramatu ta rangaɗa guɗa, irin tawa sak. Mijinta ya ɗaga murya yana cewa shi ya rantse ko Malam Haladu ba zai iya kamo bakin nan daga inda yake ba, wani ya ce zai iya, wani ya ce ina, tsufa ya zo.

Na ga gwiwar tana miƙewa.

"Malam, kada ka saurare su."

"Kin ji abin da yake cewa? Wai tsufa."

"Ka tsufa, Malam. Wallahi ka tsufa. Zauna."

Wannan ita ce kalmar da bai kamata in faɗa ba. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya ja baya, ya daka tsalle. Yatsu goma suka kama bakin rumbu dab da hancina. Ya yi ta harbin bango, ya turo kai, ya turo kafaɗa, ya fito ya zauna yana haki, ya ɗaga hannu yana amsa gaisuwa. Jakunan da ke kan hanyar hawowa da kaya, a nan inda suke aka juya su.

Bulama ya dube ni ina kan tsani, na dube shi. Magana ta riga ta fita daga bakinsa gaban jama'a, ba ta komawa. Aka raba abin da ya samu, kowa ya sami rabin abin da ya zuba da ɗan ɗori. Masu shanshera a ɗaka suka karɓi nasu kason su ma, ba kunya, suka cike da na gida. Ni na yafa iya inda irina ya kai, sauran gonar ta bakin kogi na bar wa ciyawa da agwagin ruwa.

Da muka koma gida na dafa ruwa ina zuba masa a baya, jikinsa duk ya yi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi. Yana sosawa yana murmushi shi kaɗai.

"'Yar'azumi, tsakaninki da Allah. Kin ga tsallen nan?"

"Na gani, Malam."

"A garin nan wa zai iya?"

"Babu."

"To."

Na ce, "Adana ƙarfin. Bana bado za mu ci, kuma mai tsayi ake turawa cikin ruwa ya cire shi."

Haka kuwa aka yi. Tun daga tsakiyar damina har kaka, kullum yana cikin fadama ruwa iya wuya, ni ina bakin gaɓa da ƙwarya, in ya ɗago in nuna masa inda ya fi zurfi.